Ranakun Hutun Ƙasa a Gabi: Kalandar Gwamnati, Tsayuwar Wata da Saukar Ruwa

Ranakun hutun da dokar Jamhuriyar Nijar ta tanada sun haura goma sha biyu a shekara. Wasu na tunawa da tarihin ƙasa ne, wasu na addinin Musulunci, wasu na Kirista, sai kuma waɗanda ƙasashe da yawa suka yi tarayya a kansu, kamar 1 ga Janairu da 1 ga Mayu. A kowacensu ana rufe ofisoshin gwamnati da makarantun boko da bankuna, ma'aikaci kuma ba a taɓa masa albashi ko dala.

Gabi ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, ƙasa da kilomita hamsin kudu da birnin Maraɗi, dab da iyakar Najeriya. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanenta sun haura dubu tamanin, kuma sun ƙaru sosai tun daga lokacin. Masu karɓar albashin wata a cikinsu 'yan kaɗan ne: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, jami'an ofishin magajin gari, malaman gona da na daji, da jami'an tsaro. Sauran jama'a noma da kiwo da ƙananan sana'o'i ne abin yinsu.

Saboda haka safiyar ranar hutu a Gabi ba ta cika bambanta da sauran safiyoyi ba. Ƙofar ofishin magajin gari na kulle, harabar makaranta ba kowa, amma amalanken shanu na kan hanyar gona, 'yan kabu-kabu na jiran fasinja, mata na daka. Sau da yawa manomi ba ya sanin yau hutu ne sai ya zo neman takardar haihuwar ɗansa ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Salla kaɗai ce ke tsayar da kowa da kowa.

Duk da haka ranakun nan na shafar kowane gida, domin su ne ke yanke lokacin da malami zai bar aji, da lokacin da ɗan cin rani zai dawo, da lokacin da kuɗin mota zai tashi. Wanda zai tsara tafiya ko biki ko hutu a wannan yanki dole ya haɗa lissafi huɗu: na gwamnati, na wata, na damina, da na kasuwa.

Inda ranakun ƙasa suka samo asali

Jerin da ake bi a yau ya ginu ne a kan dokar bukukuwan ƙasa ta 1997, wadda aka yi wa ƙari daga baya. Mafi tsufa a cikin ranakun tarihi ita ce 18 ga Disamba, ranar da aka ayyana jamhuriya a 1958, ƙasar na ƙarƙashin inuwar Faransa tukuna, Diori Hamani kuma ya zama shugaban gwamnati. Cikakken 'yancin kai ya zo ranar 3 ga Agusta 1960.

Ranar 18 ga Disamba ta ƙara armashi lokacin da aka mayar da bikinta na karɓa-karɓa tsakanin manyan biranen jihohi, ana yi wa garin da zai karɓi baƙunci sababbin tituna da gine-gine. Maraɗi ta karɓi nata a 2015, a ƙarƙashin shirin da aka kira Maraɗi Kwalliya. Ga mutanen karkara, lokacin ma ya dace: an gama girbi, rumbu a cike, sanyi ya shigo, akwai ɗan abin kashewa a aljihu.

Ita kuwa 3 ga Agusta tun 1975, a zamanin Seyni Kountché, aka haɗa ta da bikin dashen itatuwa, bayan farin da ya addabi Sahel a farkon shekarun 1970. Hukumomi kan taru a dasa 'ya'yan itace a harabar makaranta ko bakin hanya, a yi jawabai. Yawan waɗanda ke rayuwa bayan awaki sun bi ta kansu wata magana ce daban. Abin lura shi ne a jihar Maraɗi ne manoma suka shahara da wata dabarar da ba ta jiran biki, wato sassaben zamani, inda ake barin tohon kututture a gona ana gyara shi har ya zama itace. Dabarar ta bazu tun daga shekarun 1980, ta mayar da gonaki masu yawa kore. A yankin Gabi, inda dajin Baban Rafi ke fama da masu saran itace da masu faɗaɗa gona, batun ya fi ƙarfin rana ɗaya a shekara.

Ranar 24 ga Afrilu ita ce ta haɗin kan 'yan ƙasa, don tunawa da yarjejeniyar zaman lafiyar da gwamnati ta sa wa hannu da 'yan tawayen Abzinawa a 1995, zamanin shugaba Mahamane Ousmane. Kwana bakwai bayanta sai ranar ma'aikata, inda ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN ke yin maci a Maraɗi da sauran birane, su miƙa wa hukuma takardar koke-kokensu.

Daga cikin sababbi a jerin akwai 26 ga Yuli. A 2024 hukumomin soja ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka ayyana ta ranar bikin ƙasa, don tunawa da karɓe mulkin da suka yi a 2023. Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin Nijar, domin a zamanin Kountché ma ana bikin 15 ga Afrilu, ranar juyin mulkin 1974, kafin a daina bayan shuɗewar mulkin soja. Ƙarin ya sa hutu biyu sun zo kusa da juna, 26 ga Yuli da 3 ga Agusta, a tsakiyar damina.

Litinin ɗin Ista da Kirsimeti sun shigo ne ta hanyar tsarin aiki na Faransa, suka zauna, ko da yake Kiristocin ƙasar ba su kai kashi biyu cikin ɗari ba. A jihar Maraɗi suna da tsohon tushe a wurare irin su Tsibiri da Danja, inda 'yan mishan suka daɗe da kafa cibiyoyi. Ga yawancin ma'aikata Musulmi, waɗannan ranaku na hutawa ne kawai da ziyarar dangi.

Akwai kuma ranakun da ake raya su ba tare da an rufe ofis ba. Ranar matan Nijar, 13 ga Mayu, wadda ta samo asali daga zanga-zangar mata ta 1991, na cikinsu. Haka ma gasar kokawar gargajiya ta neman takobi, wadda aka fara a 1975: doka ba ta ba da hutu dominta ba, amma duk wanda ya shiga ofis da yamma a kwanakin gasar ya san inda hankalin ma'aikata yake.

Hutun da ba a saninsa sai wata ya tsaya

Ranakun Musulunci da ke cikin jerin sun haɗa da sabuwar shekarar Hijira, da Mauludi, da washegarin daren Lailatul Ƙadari, da ƙaramar salla, da babbar salla haɗe da washegarinta. Su ne jama'a suka fi damuwa da su, kuma su ne ba a iya rubuta kwanan watansu da tabbaci tun farkon shekara.

Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta rana da kusan kwana goma sha ɗaya. Don haka kowace salla na matsowa baya duk shekara, sai ta zagaye damina da kaka da sanyi da bazara a cikin shekara talatin da uku ko kusa da haka. Kalandar da ake bugawa na ba da kintace ne kawai. Tabbacin yana zuwa daga Majalisar Addinin Musulunci ta ƙasa, wadda ke tattara shaidar ganin jinjirin wata daga jihohi, ta sanar ta rediyo da talabijin, yanzu kuma sanarwar kan riga kowa isa ƙauye ta WhatsApp.

Babbar salla da sauƙi, tunda ana sanin ranarta da zarar watan ya tsaya, saura kwana tara ko goma. Ƙaramar salla ce mai wuyar sha'ani. Ranar 29 ga azumi ma'aikaci kan tashi daga aiki bai san ko gobe idi ne ko azumi na talatin ba. Idan iyalinsa na Damagaram ko Tawa, ko dai ya kama hanya tun kafin sanarwa, ya ɗauki kasadar rashin zuwa aiki, ko ya jira, ya yi idi a tasha. Tela da mahauci da mai kitso su ma a wannan daren suke sanin ko suna da sauran kwana ɗaya.

Washegarin babbar salla ya zama hutu ne saboda yadda ake layya a Nijar. Bayan an sauko daga idi an yanka rago, akan feɗe shi a banƙare shi a kan itace, a jera raguna kewaye da wuta su yini suna gasuwa. Sai washegari ake yanyanka nama, a kai wa maƙwabta da surukai da mabukata, a shiga suya. A wannan ranar ce yara ke yawo gida-gida da kwano, a kuma yi gaisuwar barka da salla a karɓi goron salla. Dokar ta bi abin da jama'a ke yi ne tun asali.

A aikace, salla a karkara ta fi kwanakin da doka ta ba ta. Kasuwar jajibere na ɗauke mutane tun kafin ranar. Bayanta kuma akwai yawon salla, da zuwa kallon hawa a Maraɗi ko Tsibiri, da kai ziyara garuruwan dangi. Malamai sun san cewa aji ba ya cika sai an kwana uku ko huɗu da salla, su kansu malaman ba duka ke dawowa a kan kari ba.

Lissafin ma'aikaci

Makon aikin gwamnati a Nijar daga Litinin ne zuwa Juma'a, kuma ranar Juma'a ana tashi da rana saboda masallaci. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ba ma'aikacin kamfani hutun kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki, wato kusan wata guda a shekara, ma'aikatan gwamnati ma hutunsu na shekara kusan haka yake. A kan wannan ne ake ɗora dabarun tsawaita hutu.

Dabarar da aka fi sani ita ce ta haɗa hutu da ƙarshen mako. Idan ranar ta faɗo Alhamis, rabin yinin Juma'a ne kaɗai ya raba ta da Asabar da Lahadi, sai mutum ya nemi izinin wannan rabin yinin ya samu kwana huɗu. Idan ta faɗo Talata, Litinin ake nema. Idan kuwa ta faɗo Laraba, ba ta da wani amfani ga mai tafiya mai nisa, sai dai wanki da barci. Ana kuma duba tagwayen ranaku: tsakanin 24 ga Afrilu da 1 ga Mayu, ko 26 ga Yuli da 3 ga Agusta, ko 18 da 25 ga Disamba da 1 ga Janairu. Wanda ya ɗauki 'yan kwanakin da ke tsakani daga hutunsa na shekara zai samu hutu mai tsawo da kwanaki kaɗan. Ƙarshen Disamba ya fi kowane lokaci dacewa da wannan, ga shi kuma ya zo daidai da hutun 'yan makaranta.

Nisa ne ke sa lissafin ya zama dole. Ma'aikatan da ake turowa Gabi da yawansu ba 'yan yankin ba ne. Daga Maraɗi zuwa Yamai kilomita ɗari shida da wani abu ne, yini guda cur a motar safa, kafin nan kuma sai an fito daga ƙauye zuwa Maraɗi a kan babur ko ƙaramar mota. Hutun kwana ɗaya bai isa ko zuwa ba, balle dawowa. A makon salla kujerun motocin Rimbo da STM da sauransu kan ƙare da wuri, masu dabara kan sayi tikiti tun da sauran kwanaki.

Sai batun kuɗi. Salla ba ta duba ko wata ya yi nisa. Idan ta faɗo a tsakiyar watan Bature, albashin da ya wuce ya ƙare, na gaba bai zo ba, sai a shiga cin bashi ko ɗaukar rago a biya daga baya. Wani lokaci gwamnati kan gaggauta biyan albashi kafin salla, abin da ke daɗaɗa rai a ranar, ya kuma tsawaita watan da ke biye. Malaman kwantaragi, waɗanda su ne suka fi yawa a makarantun karkara, sun fi kowa jin wannan a jika, domin abin da suke karɓa kaɗan ne, kuma karɓarsa kan bukaci tafiya gari. Idan banki ya rufe kwana uku a jere, wanda bai ciri kuɗi da wuri ba sai ya koma ga masu aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, ko ga ɗan kasuwar da ya saba da shi.

Malamin makaranta ba shi da zaɓin lokacin hutunsa. Babban hutu daga Yuli ne zuwa ƙarshen Satumba, ana komawa a farkon Oktoba, sai gajerun hutu a ƙarshen Disamba da wajen ƙarshen Maris. Tsarin ya yi wa karkara daidai ta wani fanni, tunda yara na gida lokacin da gona ke bukatarsu, azuzuwan zana kuma ba sa jure ruwan sama. Amma ko wannan kalandar ruwa na iya ture ta: a 2024 ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa 28 ga wata.

Ma'aikacin lafiya kuwa lissafinsa a juye yake. Watannin da kowa ke son hutu, daga Agusta zuwa Oktoba, su ne na tsananin zazzaɓin cizon sauro, lokacin da ɗakin shan magani ke cika da yara, ga kuma zagayen rabon maganin rigakafin zazzaɓin gida-gida. Haihuwa ma ba ta san ranar jamhuriya ba. A cibiyar da ma'aikata ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, rabon wanda zai yi gadi ranar salla magana ce da ake fara ta tun da sauran makonni, yawanci kuma a kan sabon zuwa ko ɗan gari take faɗawa. Jami'an tsaro su ma ranakun biki ne aikinsu ke ƙaruwa.

Manomi da ɗan cin rani

Manomin Gabi ruwan sama ne ke ba shi hutu, shi ke kuma hana shi. Ana sa ran ruwan shuka daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, sai noman fari da maimai a Yuli da Agusta, girbin gero a Satumba, dawa da gyaɗa da wake su biyo baya. Duk ranar da ruwan shuka ya sauka, ko wace rana ce, gari kan watse zuwa gona. Hutun 26 ga Yuli da na 3 ga Agusta na samun manomi a duƙe. Amfanin da yake samu a cikinsu shi ne ɗansa ko ƙaninsa da ke aiki a Maraɗi kan leƙo gida ya kama masa aiki, ko ya kawo kuɗin 'yan ƙwadago da taki.

Hutunsa na mako kuwa Juma'a ce da ranar kasuwa. Kasuwannin yankin na ci ne rana-rana, ta Maraɗi Litinin da Juma'a, ta Jibiya a tsallaken iyaka ranar Lahadi, kuma babu wadda ke fashi don hutun gwamnati. Masu lambu a bakin gulbi da masu kamun kifi a tafkin Madarunfa ma haka: shuka na son ban ruwa kullum.

Bayan girbi samari da magidanta da yawa kan tafi cin rani, wasu Maraɗi da Yamai, wasu Katsina da Kano da Abuja da Legas, wasu har Agadas da Libiya da Aljeriya. Ba su da takardar neman izini, amma su ma suna da tsari. Dawowa biyu ce ke gabansu, ta salla da ta shuka, kuma kuɗin mota ba ya isa a yi duka biyun idan suna nesa da juna. Wanda ya zo ƙaramar salla a watan Maris zai yi wuya ya koma ya sake dawowa a Yuni, saboda haka da yawa kan aiko da kuɗin ɗinki da na cefane, su ajiye zuwan sai damina ta kusa.

Bukukuwan aure ma wannan lissafin suke bi. An fi ɗaura su bayan kaka, lokacin da akwai hatsin sayarwa, ko a watan da ke gaban azumi, ko a makon salla da dangi ke gida. Mai son 'yan'uwansa ma'aikata su halarta kan sa ranar Asabar ko Lahadi, ko ya nemi ƙarshen makon da hutu ya tsawaita.

Rashin tsaro ya ƙara wani sharaɗi. Shekaru da dama ke nan ƙauyukan kudancin Madarunfa, har da na Gabi, na fama da 'yan bindigar da ke tsallakowa daga dazukan Zamfara da Katsina suna satar shanu da mutane. Matafiya kan tsara isowa da rana tsaka, ba a son dare ya riski mutum a hanya, kuma wanda ya dawo daga cin rani ba ya son a san ranar zuwansa ko abin da ya riƙo. Gabanin babbar salla, lokacin da dabbobi da kuɗi ke yawo, an fi yin kaffa-kaffa.

Kalanda biyu a bakin iyaka

Mutanen Gabi na da dangi da abokan ciniki a Jibiya da Katsina, don haka hutun Najeriya ma ya shafe su. A can akwai 1 ga Oktoba da 12 ga Yuni da Juma'ar Ista da 26 ga Disamba, waɗanda babu su a Nijar. Ma'aikatar cikin gida ta Najeriya ce ke sanar da ranakun hutu, kuma takan ba da kwana biyu a kowace salla. Ganin wata kuwa Sarkin Musulmi ne ke sanar da shi daga Sakkwato.

Ba kullum sanarwar ƙasashen biyu ke haɗuwa ba. A 2024 Nijar ta yi ƙaramar salla ranar Talata 9 ga Afrilu, Najeriya kuma sai Laraba. A irin wannan shekara gidan da ke da 'ya'ya a ɓangarorin biyu kan yi salla biyu, wani na cin tuwon salla, ɗan'uwansa a nisan 'yan kilomita na riƙe da azumi. Masu yawon salla ba sa ƙin haka.

Ita kanta iyakar ba a da tabbacin samunta a buɗe. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan takunkumin ECOWAS na 2023, ba a buɗe mashigar Ɗan Isa da sauransu ba sai a Maris ɗin 2024. A 2025 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi waje gabanin layya don farashi ya sauka a gida. Mai saye a birni ya ji daɗi, amma matan karkarar da suka yi watanni suna turkar rago da niyyar sayar wa fataken Najeriya lissafinsu ya rushe.

Sun yi yawa ko sun yi kaɗan?

Masu ganin ranakun sun yi yawa na cewa ƙasa matalauciya ba ta da halin rufe ofis sau goma sha wani abu a shekara, ban da kwanakin da ake ci a gefe ba da izini ba. A makaranta abin ya fi fitowa fili, domin shekarar karatu a karkara ta riga ta gajarce: ana fara ta a makare saboda girbi da gina azuzuwan zana, a ƙare ta da wuri saboda ruwa. A maƙwabciya Burkina Faso gwamnati ta ɗauko batun rage yawan ranakun hutu a 2025 bisa irin wannan hujja.

Ƙungiyoyin ƙwadago na kallon ranakun a matsayin haƙƙin da aka samu da gwagwarmaya, suna kuma nuni da cewa ma'aikacin da aka tura ƙauye mai nisa da iyalinsa ba shi da wata damar ganinsu sai wannan. Wasu malaman addini na ganin ya kamata a ƙara wa sallolin kwanaki tunda su jama'a ke yi da gaske, wasu kuma ba su yarda da bikin Mauludi ba sam, ko da yake hutunsa na kowa ne.

Ga talakan Gabi, ƙorafin ya fi karkata ga rashin sani. Mutum kan biya kuɗin babur daga ƙauye mai nisa don sa hannu a takarda ɗaya, ya tarar an rufe, washegari ma a ce jami'in bai dawo ba. Tun da aka rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a 2024 aka naɗa kantomomi, babu kansilan ƙauye da za a tambaya, sai mai gari ko rediyo. Sanarwa a masallacin Juma'a da ranar kasuwa, da barin jami'i ɗaya mai karɓar takardu a kwanakin da ke kewaye da hutu, za su rage wannan asara fiye da ƙari ko ragin rana a doka.

Layya na barin damina

Kusan shekara goma babbar salla ta yi tana faɗowa a cikin damina: Satumba a 2015, Agusta a 2019, Yuli a 2021 da 2022, Yuni daga 2023 zuwa 2025. A waɗannan shekaru ta zo ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi gona, amma akwai ɗanyar ciyawa, 'yan cin rani na gida, makarantu kuma galibi na hutu, don haka ba ta ci kwanakin karatu sosai ba.

Yanzu ta koma bazara. Bisa lissafi, ta 2026 a ƙarshen Mayu take, ta 2027 a tsakiyarsa, ta 2028 a farkonsa, ta 2029 kuma za ta zo dab da hutun 24 ga Afrilu. Wannan na nufin turkar rago za ta koma watannin da harawa da dusa suka fi tsada, kuma salla za ta riƙa faɗowa ana tsakiyar shirin jarrabawar ƙarshen shekara. Ga ɗan cin rani, 'yan shekarun farko za su zo da sauƙi, tunda zuwan salla da zuwan shuka za su zama tafiya ɗaya. Daga baya tazarar za ta buɗe, ya koma zaɓen ɗaya.

Azumi shi ma yana matsowa cikin sanyi. Ƙaramar salla za ta kasance a Maris har zuwa 2027, sannan ta shiga Fabrairu, kuma a 2030 watan azumi zai kama sau biyu a shekarar Bature ɗaya, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba. A shekarun da ke biye, ƙaramar salla za ta matso kusa da hutun 18 da 25 ga Disamba da na sabuwar shekara, lokacin da hatsi ke rumbu, makarantu ke hutu, hanyoyin karkara kuma suka bushe.